Amsar tambayarka a kan sassaƙe, kauci da wutar daji

Ɗana, bayan gaisuwa. Ka tambaya ko hanin da magabata suka yi, na kada a zagaye itace da sassaƙe, kada kuma a kai wuta daji in hunturu ya kankama, camfi ne kawai. Akwai camfi a ciki, irin cewa tsamiya da kuka gidan aljanu ne, amma wannan don a razana yaro mai gatari aka yi shi. Dalilin kansa a fili yake.

Ɗauki madaci. Abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In ka ɓare ɓawon ya zagayo, ka tare wa saiwa abinci. Itacen zai yi watanni da korensa, ka ɗauka lafiya lau yake, sai wata shekara ka tarar ya bushe a tsaye. Shi ya sa mai magani na ƙwarai yake sassaƙar gabas da yamma kaɗai, faɗin tafin hannu, ya shafe wurin da ɗanyar laka don kada gara da ƙwari su samu ƙofa, ba ya kuma komawa sai ɓawon ya haɗe.

Kauci shi ne ɓarawon kaɗanya da ɗorawa. Tsuntsu ke cin 'ya'yansa, ya goge baki a reshe, ƙwayar mai danƙo ta manne, ta huda itacen tana shan ruwansa. Tsinke shi aikin banza ne, zai sake tofowa. Nemi kumburin da ya kama, ka sare reshen kamar kamu ɗaya ƙasa da wurin. Fara saran daga ƙasan reshe, in ba haka ba nauyinsa zai yage ɓawon har gangar jiki. Da rani ake yi, lokacin da ganye ya kaɗe, shi kaucin yana nan shar, ana hango shi daga nesa.

Wuta kuwa iri biyu ce. Ta lokacin kaka, wajen Nuwamba, ciyawa da sauran danshi, in an sa ta da sassafe ko da yamma tana tafiya ƙasa-ƙasa ta mutu da kanta. Ta Fabrairu da Maris ita ce annoba: tana lashe ƙananan itatuwa ƙurmus, manyan kuma ta ƙone musu fure, shekarar ba kaɗe, ba kalwar daddawa. Yawanci masu farautar gafiya da masu cin zuma ke jawo ta.

Kafin ciyawa ta bushe, share ta faɗin taki goma a zagaye itatuwan, ka ƙara faɗi ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Abin da aka share a kai wa dabbobi, kada a tara shi a bakin wurin. In wuta ta tashi, ba a tarar ta gaba da gaba. A bi ta gefe da ɗanyen reshen darbejiya da yashi, ana matse ta. Bayan ta mutu a zaga a duba kututture da busasshen kashin shanu, don suna riƙe garwashi har washegari, iska na tasowa su farfaɗo da ita.

Ka gaida mahaifiyarka.