Darasin da Na Tura wa Ɗalibai Ya Isa Babu Ado

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar sakandare a Gwale, cikin birnin Kano. Nakan mayar da darussan da na rubuta su zama shafukan intanet da manhajar Pandoc, kuma a kwamfutata sukan fito tsaf, amma idan na tura wa ɗalibai ta WhatsApp sai launi da tsarin rubutu su ɓace. Me ke jawo haka?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Shafin bai lalace ba, an dai raba shi da kayan adonsa. Rubutun yana cikin fayil ɗin HTML, yayin da launi da girman haruffa suke cikin wani fayil daban na CSS, tsarin da hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi tun 1996. Idan kika yi amfani da umarnin --css, Pandoc layi ɗaya kawai take rubutawa mai nuna inda fayil ɗin salon yake, saboda haka wayar ɗalibi takan neme shi ta rasa, tunda yana can a kwamfutarki.

Maganin shi ne ki haɗa --standalone da --embed-resources, umarnin da ya maye gurbin --self-contained a 2022, domin a cusa salon da hotuna cikin shafin kansa. Fayil ɗin zai ƙara nauyi, musamman idan hotunan suna da yawa.

A ganina, Docutils da Asciidoctor, wasu manhajoji masu mayar da rubutu shafin intanet kamar Pandoc, sun fi dacewa da bukatar irinki, domin su tun asali cusa salon suke yi, sai wanda ya nemi a ware shi. Mai tura takarda ɗaya bai kamata a ce sai ya damu da wani fayil na biyu ba.

Sai dai idan makarantarku ta buɗe gidan yanar gizo mai darussa masu yawa, warewa ta fi, domin burauza takan sauke fayil ɗin salon sau ɗaya ta adana shi, abin da ke rage wa ɗalibi kuɗin data, kuma gyara guda a cikinsa zai shafi dukkan shafukan.

Kafin ki sake turawa, ki kwafi shafin shi kaɗai zuwa wata folda ki buɗe shi. Yadda ya fito a nan, kusan haka ɗalibai za su gan shi.