Amsa ga Hajiya kan ƙasar gindin doka da dashen fayin

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure, barkanmu da yamma. Hajiya, na saurari tambayarki, inda kika ce ƙananan itatuwan fayin (wato pine, bishiya mai ganye sirara kamar allura) da kike reno a leda a Rayfield sun yi ɗorawa sun ƙi girma, an kuma ba ki shawarar ki ɗebo ƙasar gindin doka ki zuba musu, tunda ita ma doka tana zama da fangas (halitta dangin laimar kwaɗi) a saiwarta. Wanda ya ba ki shawarar ya san wani abu na gaskiya, amma ƙasar da ya nuna miki ba ita ce za ta yi aikin ba.

Fayin ɗan dangin itatuwan dazuzzukan arewacin duniya ne, irin na Rasha da Kanada da Suwidin, inda ƙasa ke da sanyi da tsami, ganyen da ya zuba kuma yake daɗewa bai ruɓe ba. A can kusan duk kan ƙaramar saiwa a lulluɓe yake da fangas, wanda ke kutsawa tsakanin ƙwayoyin fatar saiwar, sannan ya baza siraran zarensa cikin ƙasa yana jawo ruwa da naitirojin da fosforas, ita kuma bishiyar tana biyansa da sukarin da ganyenta ya haɗa. Laimar kwaɗin da ke fitowa da damina 'ya'yansa ce kawai, ainihin jikinsa yana ƙarƙashin ƙasa. Wani Bajamushe, Albert Bernhard Frank, shi ya bayyana wannan zama a 1885.

Abin da nake so a riƙe shi ne, zaɓen da ake yi a wannan zama ba daidai yake a ɓangarorin biyu ba. Bishiya guda tana iya ɗaukar nau'o'in fangas masu yawa a lokaci ɗaya, amma a cikin fangas ɗin akwai waɗanda ba sa yarda da kowa. Fangas ɗin dangin Suillus da Rhizopogon kusan ba a samunsu sai a saiwar dangin fayin, kuma ko a cikin gidan ma suna da zaɓe: Suillus grevillei yana bin bishiyar lac (larch), 'yar'uwar fayin wadda ke zubar da ganyenta da hunturu, Suillus luteus kuma yana bin fayin. Lactarius deliciosus na fayin ne, ɗan'uwansa Lactarius deterrimus kuwa na sifurus (spruce, wata bishiyar dangin fayin) ne, duk da cewa a ido sun yi kama ƙwarai. Bishiyar alda (alder), mai faɗin ganye, ta fi su duka tsanani, domin abokan zamanta kaɗan ne, kuma yawancinsu ba sa zuwa wurin kowa sai ita. A gefe guda akwai marasa zaɓe, kamar Amanita muscaria, jar laimar nan mai fararen ɗigo, mai guba, wadda ke zama da bishiyar bac (birch) da fayin da sifurus.

Wannan ba zato ba ne. A shekarun 1920 Elias Melin ya haɗa fangas da tsiron bishiya a cikin kwalba mai tsabta a Suwidin, ya ga wanda ya kama da wanda ya ƙi. Daga baya, a 1987, Nils Fries da abokan aikinsa suka nuna cewa wani sinadari na ƙaron fayin da saiwar ke fitarwa shi ke tayar da ƙwayoyin irin Suillus su tsira. Wato irin yana kwance a ƙasa yana jira, ba ya motsi sai ya ji alamar mai gidansa. Wannan wuri yana burge ni matuƙa.

To, doka da kawo su ma suna da fangas mai lulluɓe saiwa, amma nasu na Afirka ne da suka daɗe tare, ba su saba da fayin ba. Haka turaren da aka shuka a tsofaffin wuraren haƙar kuza a nan Filato, asalinsa Ostireliya ne, abokansa daban. Shi ya sa a ƙasashe da dama da ba su da fayin tun asali dashen ya yi ta mutuwa, kamar a tsibirin Fuwato Riko da ke yankin Karibiyan, har sai da aka kai ƙasa daga gindin fayin na jihar Arewacin Karolina ta Amurka a 1955.

Saboda haka, Hajiya, ki nemi gandun fayin mai lafiya, irin wanda ke wajen Miango, ki nemi izinin masu kula da shi, a ɗebo miki ƙasar sama-sama tare da guntayen saiwa. Kada a bar ta ta bushe a rana. Kashi ɗaya cikin goma na ƙasar ledar ya isa, kuma a guji gindin bishiya mai ciwo, domin cuta ma tana bin ƙasa. Ki rage takin zamani mai fosforas da maganin feshin fangas, saboda dukansu suna hana shi kamawa. Bayan 'yan watanni ki zare tsiro ɗaya a hankali ki duba: idan kin ga kan saiwoyin sun yi gajeru, sun yi kauri, sun rabu biyu-biyu, ga farin zare a cikin ƙasar, to ya kama. Ki turo mana hoton saiwar a nan mu duba tare. Allah ya sa albarka.