Ana juya kasuwa, amma tsoron gobe ya hana ni barci

Tambaya

Malam, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro kaya ina sayarwa, da haka nake riƙe iyalina. Ba zan ce na karye ba, ana dai juyawa, amma hankalina ba a kwance yake ba. Duk sanda na koma sari sai in tarar kaya sun ƙara kuɗi. Mutane sun riƙe mini kuɗi, ni ma ana bi na. Da na kwanta sai lissafi: in jarin ya ƙare fa? In ciwo ya kwantar da ni wa zai riƙe yaran? Har littafin ciniki na daina buɗewa, don gabana faɗuwa yake yi. Yanzu kuma wani abokina yana ta jan ra'ayina in zuba kuɗi a wata harka da ya ce tana ba da riba kashi 10 cikin 100 duk wata. Me ka ga ya dace?

Amsa

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. A cikin duk abin da ka rubuto, inda na fi tsayawa shi ne wurin da ka ce ka daina buɗe littafin ciniki. Tsadar sari da bashi matsaloli ne na gaske, zan zo kansu, amma rufe littafin nan shi ke rura wutar fargabar. Rashin sani ya fi dare duhu. Muddin ba ka san adadin abin da ka mallaka da abin da ke kanka ba, zuciyarka ce za ta yi maka lissafin, ita kuwa da tsakar dare mafi munin sakamako take kawowa.

Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. A 2009 masana uku, Karlsson da Loewenstein da Seppi, sun wallafa binciken da ya nuna cewa masu zuba kuɗi a hannun jari suna yawan leƙa asusunsu idan kasuwa ta tashi, in ta faɗi kuma sai su rage leƙawa. Tun kafin nan, a 1979, Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar ɗan Adam ko da adadin ɗaya ne, daga baya aka kiyasta cewa ya kai kusan ninki biyu. Wannan ne ya sa mako ɗaya na rashin ciniki yake mantar da kai makonni uku da aka samu. Halitta ce, ba ragwanta ba. Sai dai ɗan kasuwa ba ya da damar bin wannan halittar, domin shi da lambobi yake cin abinci.

To, ga aikin farko, kuma ka yi shi da rana, bayan ka karya, ba da dare ba. Ka ƙirga kayan da ke hannunka, ka sa musu kuɗin da za ka saro irinsu yau, ba kuɗin da ka saro su da ba. Kayan da suka daɗe ba sa motsi ka rage musu ƙima, kada ka yaudari kanka. Ka haɗa da tsabar kuɗin da ke aljihu da banki. Bashin da kake bin mutane ka kasa shi biyu: wanda ka tabbata zai dawo ka sa a lissafi, wanda kai ma ka san sai dai a lahira ka ajiye shi gefe. Daga jimillar ka cire duk abin da ake bin ka. Abin da ya saura shi ne jarinka na gaskiya. Sannan ka rubuta abin da gida da shago suke ci a wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba: cefane, haya, makarantar yara, wuta, sufuri, albashin yaron shago. Na dole kawai, ban da na burgewa. Ka duba sau nawa wannan kuɗin na wata zai shiga cikin jarinka na gaskiya. Lambar da ta fito ita ce watannin da za ka iya rayuwa idan ciniki ya tsaya cak daga yau, abin da kuma da wuya ya faru.

Mutane da yawa idan sun yi wannan lissafin sukan tarar abin bai kai yadda suke tsoro ba. Wasu kuma sukan tarar ya fi haka muni. Ko wanne ya same ka ka ci riba, domin wanda ya san wata biyu suka rage masa yana da wata biyu na gyara, wanda bai sani ba kuwa sai dai ya wayi gari.

Sai maganar tsadar sari, kuma a nan nake zargin jarinka yake zurarewa ba tare da ka gani ba. A ce ka saro abu a kan 100, ka sayar 120, ka ji daɗi ka ce ka ci 20, ka kai gida aka kashe. Ka koma sari ka tarar ya zama 115. Ribarka ta gaskiya 5 ce, sauran 15 ɗin da aka kashe a gida jari ne. Idan aka yi haka sau da yawa, kuɗin da ke hannunka za su yi kama da na da, amma kantar tana ramewa, kai kuma kana jin wani abu ba daidai ba amma ka kasa nuna shi. Ina kyautata zaton rabin rashin barcinka daga nan yake. A lokacin hauhawar farashi ana sa kuɗin kaya ne bisa abin da za a biya a sari na gaba. Ka riƙa tambayar dillalinka farashi kafin kayanka su ƙare, ba ranar da ka je saye ba. Wasu masu saye za su yi ƙorafi, wasu su tafi. Wanda zai tsaya kawai don kana sayar masa ƙasa da abin da za ka mayar da kayan, tafiyarsa ba asara ba ce.

Daga nan ka yanka wa kanka albashi. Adadi ɗaya, duk mako ko duk wata, daga riba, kuma gida ya tsaya a kansa. Aljihun shago daban, na gida daban. Na san masu cewa ai kuɗina ne, me zai sa in nemi izinin kaina? Haka ne, amma wanda ke zura hannu a akwatin ciniki duk sanda buƙata ta taso ba zai taɓa sanin kasuwa ce ta gaza ko hidima ce ta yi yawa ba.

Game da ajiya, shawarar da aka saba bayarwa ita ce mutum ya tanadi abin da zai riƙe gida wata 3 zuwa 6. Shawara ce mai kyau, amma ga wanda yake cikin matsi jin wannan adadin ma ƙarin damuwa ne. Ka fara da na mako ɗaya. In ya taru ka nufi na wata. Ka cire shi ranar ciniki kafin ka taɓa komai, ko kaɗan ne, ka sa inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba amma za ka iya ɗaukowa cikin kwana ɗaya idan lalura ta taso. Shawarar Annabi Yusuf (AS) ga mutanen Masar ke nan: a tanada a shekaru bakwai na yalwa saboda bakwai na fari. Kada dai ka zarce ka jibge kuɗi da yawa a zaune alhali farashi yana hawa, don ƙimarsu raguwa take. Abin da ya wuce na lalura gara ya shiga kayan da suke fita da sauri.

Bashin da ake bin ka, ka rubuta kowanne da ranar biyansa. Idan akwai mai ruwa a ciki, musamman irin na manhajojin waya da ke ƙaruwa duk mako, shi za ka fara kashewa, kuma kada ka ci wani don biyan wani. Wanda ka ga ba za ka iya cika wa alkawari ba, ka je ka same shi kafin ranar ta zo, ka ce masa ga abin da zan iya bayarwa yanzu, ga ranar sauran. Mai bin bashi yana iya jure jinkiri, abin da ba ya jurewa shi ne a daina ɗaukar wayarsa. Waɗanda kake bi kuma, daga yau ba bashi sai da rubutu da rana, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarta, kuma ka sa iyaka: wanda bai biya na baya ba, ba sabo.

Harkar abokinka kuwa, kada ka shiga. Riba kashi 10 cikin 100 duk wata, idan ana mayar da ita ciki, tana nufin kuɗi ya ninka fiye da sau uku a shekara. Kai ɗan kasuwa ne, ka san wahalar da ake sha kafin a ci riba. Wace sana'a ce take ba da wannan, da tabbaci, ba watan asara, kuma mai ita yana neman kuɗin wasu? Charles Ponzi, wanda ake kiran irin wannan damfarar da sunansa, a 1920 a birnin Boston na Amurka ya yi alkawarin riba kashi 50 cikin kwana 45. Da kuɗin sababbin shiga yake biyan na farko, kuma cikin shekarar abin ya rushe. Mai yiwuwa abokinka ba mugu ba ne, ana biyansa ne yanzu saboda yana cikin na farko.

Abin da ya sa tayin ya yi maka kyau a yanzu shi ma an bincika shi. A 2013 mujallar Science ta buga aikin Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao. Sun gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, kafin girbi lokacin da hannu ba komai, da bayan girbi da aka biya su. Mutane ɗaya ne, amma sun fi yin ƙoƙari a gwajin tunani bayan girbi. Damuwar kuɗi tana cinye wani kaso na hankalin mutum, shi ya sa mai matsi yake ganin hanyar gaggawa kamar mafita. Saboda haka ka kafa wa kanka doka: duk shawarar da ta shafi kaso mai tsoka na jari sai ta kwana uku, kuma sai ka faɗa wa wani mai hankali wanda ba ya da abin ci a ciki.

Saura daren. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Thomas Borkovec, da abokan aikinsa sun gwada wata dabara tun 1983: mutum ya ware kamar rabin awa kullum, lokaci ɗaya da wuri ɗaya, don damuwa kawai. In tunani ya zo a wani lokaci, a rubuta shi a ce sai lokacinsa. Yana kama da wasa, amma yana aiki ga mutane da yawa. Ka ajiye takarda kusa da shimfiɗa. Washegari ka duba abin da ka rubuta, ka tambayi kowanne: akwai abin da zan iya yi a kai cikin makon nan? In akwai, ka sa masa rana. In babu, kamar farashin duniya ko ranar da ciwo zai zo, wannan na addu'a ne da tawakkali. Annabi (SAW) da kansa yakan nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi a addu'a ɗaya, don haka jin nauyin ba alamar raunin imani ba ne.

Tsoronka na kwanciya ciwo ma yana da ɓangaren da za a iya yi masa aiki. Shin akwai mutum ɗaya amintacce da ya san inda kake sari, da waɗanda kake bi, da waɗanda suke bin ka? In babu, ka rubuta ka nuna masa. Ka kuma zauna da maiɗakinka ka gaya mata adadin da gida zai tsaya a kai da dalili. Yawancin mata sun riga sun ga alamar a fuskar miji, abin da ba su sani ba shi ne girman abin, kuma ɓoyewar takan sa su zaci ya fi haka.

Idan bayan ka yi waɗannan har yanzu barci ya ƙi zuwa na makonni, ko zuciya tana bugawa da ƙarfi, numfashi yana sarƙewa, abinci ya fita ranka, ko ka fara jin gara mutuwa, to ka je asibiti ka faɗa wa likita yadda ka faɗa mini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwon fargaba, kuma ana maganinsa. A gwada maka hawan jini ma tunda ka je.

In ka gama lissafin, ka sake rubuto mini da jarinka na gaskiya, da abin da gida da shago suke ci a wata, da jerin basussukan da ranakunsu, sai mu duba wanda za a fara da shi.