Me ya sa kamfanin da ke garinmu ya tsallake mu ya kai taimako wata jiha?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu. Wani rukunin kamfanoni yana haƙar dutsen siminti a ƙasarmu, ƙurarsa mu ke shaƙa, tireloli kuma sun kashe mana hanya. Sau uku muna rubuta takardar neman asibiti, shiru, sai muka ji gidauniyarsu ta gina azuzuwa a wata jiha. Yanzu wani ya ce mu tara kuɗi ya kai takardar hannun mai kamfanin. Yaya suke zaɓen inda za su taimaka, kuma mu biya shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Kada ku ba shi ko kwabo.

Babban rukuni yana da aljihu biyu, kuma ina kyautata zaton takardunku ba su faɗa ko ɗaya daga ciki ba. Na farko shi ne gidauniya, wadda take zaɓar fannoni kaɗan ta riƙe su shekaru a faɗin ƙasa. Gidauniyar Aliko Dangote, wadda aka kafa a 1994, ta fi karkata ga lafiya da abinci mai gina jiki da ilimi, ita kuwa ta MTN kamfanin yana ware mata har kashi 1 cikin 100 na ribarsa bayan haraji. Irin waɗannan ba sa duba wanda ya fi kusa da masana'anta, shi ya sa azuzuwan suka tsallake ku. Na biyu shi ne kasafin hulɗa da jama'a na reshen da ke garinku, kuma naku yana nan.

Kafin a rufe kasafin shekara, ma'aikatan sashen suna jera buƙatun da suka tattaro, su auna kowace da ɓarnar da aikin kamfani yake jawowa, da yawan masu amfana, da haɗarin da ke tattare da ƙyale ta, sannan kwamitin daraktoci ya amince. Abin da ya fi kayar da buƙatar asibiti shi ne wanda zai riƙe shi bayan an yanka ƙyalle. Na ga dakunan shan magani da aka gina da kuɗi masu yawa sun zama makwancin awaki, saboda ba wanda ya fara samun rubutaccen alkawarin hukumar lafiya a matakin farko cewa za ta turo ma'aikata ta biya su albashi.

Abin da ya fi damuna, wanda kusan kullum nake karo da shi, shi ne ɗaukar duk abin da kamfani ya yi wa gari a matsayin sadaka, wadda ake samu da roƙo ko da sanayya. Wannan fahimtar ce take ciyar da dillalai irin wanda ya zo muku, kuma ita ce take sa gari ya yi ta godiya a kan abin da haƙƙinsa ne. Dokar ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar ci gaban al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aiki, kuma a sake duba ta duk bayan shekara 5. A ɓangaren man fetur, dokar 2021 ta sa kamfanin da ke haƙar mai ya zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsa na shekarar da ta gabata a asusun garuruwan da yake aiki a cikinsu. Hatta manyan hanyoyin da ake yi wa biki, wasunsu an yi su ne ƙarƙashin umarnin shugaban ƙasa mai lamba 007 na 2019, wanda ya ba kamfani damar cire kuɗin aikin daga harajinsa, wato dukiyar jama'a ce aka kashe. Ranar da kuka miƙa wa wani kuɗi ya roƙa muku, kun mayar da kanku almajirai a kan bashin da kuke bi. Idan an dace, a turo buhunan shinkafa da azumi, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an taimaki garinku, ƙurar kuma tana nan. Abin takaici shi ne sau da yawa yarjejeniyar tana nan a rubuce, wasu 'yan tsiraru sun sa hannu a madadin gari, sun karɓi nasu sun kulle ta a akwati, matasa kuma idan haƙuri ya ƙare su tare hanya, a kama 'ya'yan talakawa, dillalin yana gida.

Saboda haka ku fara da neman kwafin yarjejeniyar daga jami'in hulɗa da jama'a na masana'antar, da fadar hakimi, da ofishin ma'aikatar ma'adinai ta tarayya da ke jiharku. Ku duba wa ya sa hannu, me aka alkawarta, yaushe wa'adin sake dubawa zai cika. Idan kamfanin yana kasuwar hannun jari, rahotonsa na shekara yana ɗauke da jerin gudummawar da ya bayar, ku karanta ku ga ko an ambaci garinku.

Sannan ku raba buƙatunku gida biyu. Ƙura da hanya ɓarna ce da aikinsu ya haifar, ku nemi gyaranta da hotuna da alƙaluman masu ciwon ƙirji daga ɗakin shan magani mafi kusa. Asibiti kuwa ku kai shi teburin sake duba yarjejeniya, riƙe da takardar fili da alkawarin ma'aikata daga ƙaramar hukuma, kuma ku tabbatar wakilan mata da na matasa suna zaune a wurin lokacin sa hannu.