Ƙafar Baba ta daina jin zafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana da shekara 63, kuma shekara tara ke nan yana fama da ciwon suga. Kwanan nan ya taka ƙusa bai sani ba, sai da muka ga jini a takalminsa. Ya ce tunda ba ya jin zafi, abin bai kai na asibiti ba. Me ya kamata mu yi? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki lallaɓi Baba ku je asibiti yau, kada ku kai gobe, domin rashin jin zafin da ya kwantar masa da hankali shi ne ya tayar da nawa. Idan suga ya daɗe yana hawa, yakan lalata jijiyoyin da ke sa ƙafa ta ji taɓi da zafi, ya kuma rage jinin da ke isa gare ta, sai ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, ya ruɓe ta ciki har ya kai ga ƙashi. Da yawa daga waɗanda aka yanke wa ƙafa, da irin wannan abin nasu ya fara.

A asibiti za a wanke raunin, a duba ko yana buƙatar allurar rigakafin tetanus, cutar da ke shiga ta rauni ta sa jiki ya sandare. Ki roƙa a yi masa gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin kimanin wata uku. Ga yawancin manya masu ciwon suga ana son sakamakon gwajin ya tsaya ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Kada a barbaɗa wa raunin toka ko garin magani.

Bayan ya warke, idonki ne zai maye gurbin jin da ya rasa. Kullum a duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, kuma duk lokacin da ya yi alwala ya tsane tsakanin yatsun sosai, domin danshi na sa fata ta tsage. Kaushi da faso a shafa musu mai, kada a kankare su da reza, kuma masu yankan farce na bakin hanya su bar ƙafar nan. Ya daina tafiya ba takalmi ko da a tsakar gida ne, ya riƙa zazzage takalmi kafin ya sa. Idan hunturu ya shigo, kada ya miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, ruwan wanka kuma ki fara gwada zafinsa da gwiwar hannunki. Allah Ya ba Baba lafiya.