Tambaya da amsa: In bututun gas zai ratsa gonakinmu, wa ke duba ɓarnar da zai yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin firamare ne a yankin Daura, ina kuma ɗan taɓa noma. Ana ta raɗe-raɗin wai in bututun gas na AKK ya iso Kano za a ja shi ya yo arewa ta wajenmu har Nijar, mu kuma mun ga yadda layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya ratsa gonaki. Don Allah wannan binciken muhalli da ake kira EIA mene ne amfaninsa gare mu? Tunda an riga an yi wa babban bututun, sai an sake yi in za a ƙara? Kuma talaka na da ta cewa a ciki ko takarda ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa noma da koyarwa albarka. AKK bututu ne mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40, daga Ajakuta ta jihar Kogi ya bi Abuja da Kaduna ya tsaya Kano, Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Yunin 2020. Akwai kuma tsohon shiri na bututun da zai ƙetare Sahara, sama da kilomita 4,000, daga Najeriya ta Nijar zuwa Aljeriya, ministocin ƙasashen uku sun sa hannu a takardar fahimtar juna kansa a Yulin 2022. Toh duk abin da zai tashi daga Kano ya nufi Nijar ai dole ya taka ƙasar Katsina ko ta Jigawa, kaga tambayarka ta zo a kan gaɓa.

Dokar EIA ta samo asali ne tun 1988 lokacin da aka jibge shara mai guba daga Italiya a garin Koko, a shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, sai a 1992 aka yi doka mai lamba 86 wadda ta ce duk aikin da zai taɓa muhalli sosai, na gwamnati ne ko na ɗan kasuwa, sai an bincika tasirinsa kafin a fara. Yanzu Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke riƙe da wannan. Lasisin bututun kuma yana hannun NMDPRA, hukumar da ke kula da sufuri da rarraba mai da gas, tun bayan dokar man fetur ta 2021.

Batun ko sai an sake, eh sai an sake. Takardar amincewar da ake ba kamfani ta aikin da ya bayyana ce, wannan hanya, wannan girman bututu, waɗannan tashoshi. Sabon reshe sabuwar ƙasa ce da sabbin mutane, binciken da aka yi a dajin Kogi ba zai gaya wa kowa komai kan jigawar Daura ba. In kuma ƙarin inji ne kawai a cikin tsohuwar haraba, ma'aikata ce ke tantance zurfin binciken da za a yi. Inda nake so ku buɗe ido shi ne yanka aiki gunduwa-gunduwa, bana ɗan reshe, baɗi tasha, shekara ta uku masana'anta a gefe, kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai sai ya zama ƙaramin abu, alhali dokar da kanta ta ce a duba tasirin da ke taruwa, a kawo wasu hanyoyin da za a iya bi maimakon wadda aka zaɓa, a faɗi ko abin zai shafi wata jiha ko wata ƙasa, sannan a yi taƙaitaccen bayani da wanda ba masani ba zai gane.

Yanzu ga gona. Katafila ce ke fara share fili, sannan a haƙa rami, a yi waldar bututu a gefe a sauke shi a rufe da ƙasa kamar mita ɗaya ko fiye. A aikin ƙa'ida ƙasar sama, wadda ta sha taki shekara da shekaru, ana tara ta gefe guda, ta ƙasan ramin mai tsakuwa a wani gefen, in an zo rufewa ta ƙasa ta fara komawa ta sama ta biyo. In ɗan kwangila ya yi gaggawa ya cakuɗa su, wallahi damina na sauka za ka tsaya bakin gona ka hango layi ɗoɗar ya ratsa ta, gero gajere ganye rawaya, hagu da dama kuma shar, kuma haka zai yi ta yi shekaru sai an sake ciyar da wurin da taki. Ƙasarmu kuma rairayi ce, in ba a danne ramin da kyau ba ruwan farko zai sa ya lotsa ya zama magudana, kafin ka ankara kwazazzabo ya buɗe. Shi ya sa nake cewa rahoton da bai faɗi yadda za a ware ƙasar sama ba, da wanda zai dawo bayan damina ɗaya ko biyu ya gyara inda ya zaizaye, bai gama aikinsa ba komai kaurinsa.

Itatuwa ma haka. A kan layin bututu ana barin mutum ya shuka abin da saiwarsa ba ta nisa kamar gero da wake da gyaɗa, amma ba gini, ba rijiya, ba dogon icce, har abada. Bedi dai ka dasa wani a gefe cikin 'yan shekaru ya yi inuwa, amma gawo da kuka da ɗorawa fa? Ɗorawa ɗaya duk shekara tana ba matan gida kalwar daddawa, a biya kuɗinta sau ɗaya a wuce, kuma sau da yawa ba hannun matan kuɗin ke shiga ba. Sai burtali, rami buɗe na kilomitoci ya gitta hanyar shanu ba a bar mashiga ba, makiyayi ya kauce ya faɗa gonar wani, rigimar da ba kamfani za a kira wajen sasanta ta ba, dagaci da arɗo za a bari da ita.

Wani abu da ba kasafai ake tunawa da shi ba shi ne ruwan gwaji. Kafin a saki gas sai an cika bututun da ruwa an matsa shi da ƙarfi a ga ko yana yoyo, bututu mai inci 40 kuwa kowace kilomita ɗaya na shan sama da lita 700,000, wato fiye da tankar mai 20. Ana iya tura ruwan daga wannan yanki zuwa na gaba don a rage, amma duk da haka ku tambaya daga ina za a ɗebo, dam irin na Sabke ne ko rijiyar burtsatse kusa da taku, da rani ne ko da damina, kuma in an gama ina za a zubar da shi tunda wani lokaci ana sa masa magani.

Ni dai a ganina bututun da ke binne bai kai tashoshin da ke sama damuwa ba. Tashar kwamfuresa, wadda ke ƙara wa gas ƙarfin tafiya, injinanta dare da rana suke ruri suna ƙona gas, kuma lokacin gyara akan saki gas sama da ƙara mai firgitarwa. Shi wannan gas ɗin mitan ne, a cikin shekara 20 yana ɗumama duniya fiye da sau 80 na iskar kabon, kuma ba irin na tukunyar girki ba ne, wancan warin da kake ji sa masa aka yi, na babban bututu galibi ba ya wari. Alamar yoyonsa ita ce huci daga ƙasa, ko ciyawa ta bushe a wuri ɗaya ana tsakar damina, ko ruwan kududdufi na ɓulɓulowa. A Janairun 2018 gobara a bututun gas na Eskrabos zuwa Legas ta jefa ƙasar nan cikin duhu. Don haka tazarar tasha da gidaje da makaranta, da lambar da za a kira in an ga alama, da wanda zai kawo ɗauki, duk sai an gan su a rubuce.

Ko talaka na da ta cewa? Yana da ita, amma tana da lokaci, tun ran gini ran zane. Wuri na farko shi ne taron farko da masu bincike ke yi da al'umma don tsara abin da za a duba, lokacin layin yana kan taswira ne kawai, kauce wa maƙabarta ko fadama ko tsohon wurin tarihi irin Durɓi ta Kusheyi bai wuce a gyara zane ba. Daga nan su ɗebi samfurin ƙasa da ruwa da iska, a babban aiki ana so a yi rani da damina, don wanda ya zo a watan Maris ya ga busasshen rafi ba zai san abin da yake yi a Agusta ba, mutanen Jibiya da suka ga ambaliyar 2018 sun fi kowa sanin haka. Wuri na biyu shi ne baje rahoton, ana ajiye shi kwanakin aiki 21 a wurare irin sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a sanar a jarida, kowa na da damar karantawa ya rubuta ƙorafi, sannan kwamitin masana ya zauna kansa kafin a ba da takardar amincewa.

Gaskiyar magana tsarin na da rauni. Kamfani ne ke biyan mai binciken, rahoto ɗaruruwan shafuka da Turanci, sanarwa a jaridar da ba ta zuwa ƙauye, taro a otal a babban birni, wani rahoton ma kana karantawa za ka ji ƙamshin an kwafo shi daga wani aikin, bibiya bayan an ba da takarda kuma ita ce ta fi komai rauni. Da wuya ka ga EIA ya tsayar da babban aikin tarayya, kar in yaudare ka. Abin da yake iya yi shi ne ya karkatar da layi, ya matsar da tasha, ya ɗaure kamfani da alƙawuran da za a iya riƙe shi da su gobe.

Kuma kar a haɗa shi da diyya, hanyarsu daban. Diyya na tafiya ne ƙarƙashin dokar bututun mai ta 1956 da dokar mallakar ƙasa ta 1978, kuma abin da ke kan ƙasar aka fi ƙirgawa, amfanin gona da itatuwa da gini. In akwai kuɗin Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka a aikin, ƙa'idarsu ta fi tsauri, ana lissafi da kuɗin maye gurbin abu, kuma har wanda ba shi da takardar fili ana sa shi a lissafi.

Kai da kake malami, Malam, aikin da za ka yi wa garinku ba mai yawa ba ne. Ba sai ka karanta rahoton duka ba, ka nemi taƙaitaccen bayanin farko, da taswira, da jadawalin da ke can wajen ƙarshe mai nuna kowace illa da maganinta da wanda zai yi da kuɗin da aka ware. Ka duba ko sunan garinku na ciki, ko an ambaci rijiyoyinku da burtalinku. In Turancin ya yi nauyi, ɗaliban muhalli na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsinma ba su da wuyar samu. Ƙorafi a yi shi a rubuce, kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku ajiye, da sa hannun dagaci da arɗo da wakiliyar mata, don maganar baki a taro ba lallai ta shiga fayil ba. In an ce rahoton ba ya nan, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatarku. Sannan tun yanzu kowa ya ɗauki hoton gonarsa da waya, ya ƙirga itatuwansa, masu noma gonar aro ko haya ko jingina su tabbata an rubuta sunansu daban da na mai gona ranar ƙidayar abin da za a biya diyya, kuma ku tambayi ranar rufe ƙidayar, don duk abin da aka gina ko aka dasa bayanta ba a biyansa.