Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan binne mamaci a Ingila ba tare da kashe dukiya ba

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya ya sa kaffara ne, in kuma wa'adi ya yi Allah ya sa a cika da imani, mu ma in tamu ta zo haka. Kuma don Allah kar ki ji nauyi wai kin yi wannan tambayar yana raye, ba fatan mutuwa kike masa ba, a ƙasar nan wanda bai yi tambaya da wuri ba shi ake tatsa ranar da hankalinsa ba ya jikinsa.

In na fahimce ki daidai, Baba ya zo jinya wurinku, likitoci sun ce sai dai addu'a, dangi a gida sun dage in ta faru a kai shi gida, ke kuma wata baturiya a wurin aikinku ta ba ki labarin wuraren da ake binne mutum a cikin itatuwa ba akwati mai tsada ba sinadari, wai ya fi arha kuma ba ya ɓata muhalli, shine kike tambaya ko ya dace da mu. Ni na daɗe a kwamitin jana'iza na masallacinmu, daga wanka har maƙabarta har zaman ofishin rajista duk ana yi da ni, toh abin da na gani zan faɗa miki, fatawa kuma ta malamai ce.

Abin da baturiyar nan ta gaya miki gaskiya ne akwai shi, kuma ba tsohon abu ba ne a wurinsu. A 1993 aka buɗe na farko a maƙabartar Carlisle can arewacin Ingila, wani mai kula da maƙabartar mai suna Ken West ne ya kawo shawarar, a binne mutum a dasa itace maimakon dutse. Akwai kuma wata ƙungiyar agaji Natural Death Centre da aka kafa tun 1991, su ke da jerin irin waɗannan wuraren, yanzu sun haura 250 a faɗin Birtaniya. Sharaɗinsu kusan ɗaya ne ko'ina: ba a yi wa gawa allurar fomalin (sinadarin hana gawa ruɓewa), ba akwatin ƙarfe ko mai fenti da roba, sai na kwali ko na saƙa ko kuma a naɗe mutum a yadi kawai, ba siminti a kabari, ba gini a kai. Toh ki duba da kyau, wannan me ya raba shi da abin da aka yi wa kakanninmu a maƙabartar Dandolo ta Kano? Ruwa da ganyen magarya da ɗan kafur, farin alawayyo, a ɗora a makara wadda ta unguwa ce kowa da ita za a kai shi, a haƙa uwar kabari a fitar da 'yar ciki, a jera itace ko fasassun tukwane a liƙe da danyar ƙasa a rufe, kafin la'asar an dawo ana zaman makoki. Su sai da suka gaji da tsada da hayaƙin ƙona gawa (kusan kashi 80 cikin ɗari na masu mutuwa a nan ƙona su ake yi) sannan suka dawo kan abin da muke kai tun fil azal. Don haka ta fuskar yadda ake binnewar babu abin tsoro, namu ne ma ya fi nasu sauƙi.

Amma ban ce ki ruga ki sayi fili a can ba, akwai inda gizo ke saƙar. Na farko alƙibla. A nan alƙibla kudu maso gabas take, su kuma sun riga sun tsara layinsu yadda ya dace da itatuwansu ko gangaren filin, wasu in kin roƙa za su juya miki kabarin wasu su ce ba zai yiwu ba. Na biyu maƙwabta, mafi yawan wuraren nan kowa da kowa ne, har tokar waɗanda aka ƙona ana binnewa a ciki, malamanmu kuma sun fi son a kai musulmi cikin 'yan uwansa musulmi matuƙar akwai hali, kuma a yawancin manyan garuruwan Ingila akwai halin. Sannan alama, wasu ba sa yarda a sa ko ɗan allo, taswira ce kawai a ofishinsu, in ciyawa ta rufe bayan shekara biyu ba za ki gane wurin da idonki ba, wanda a addini ba laifi ba ne amma na ga yaran da abin ya dame su daga baya. Ga nisa, yawanci a bayan gari suke inda bas ba ya zuwa, ga shi ba lallai su haƙa miki kabari yau ko gobe ba don ba su saba da gaggawarmu ba. Arhar ma ba kullum ba, wasu na 'yan kasuwa ne, filin da ke da kyan gani kusa da Landan kuɗinsa zai iya wuce na maƙabartar kansul, wato ƙaramar hukumar yankin.

Abin da na fi ba mutane shawara shine maƙabartar musulmi ko ɓangaren musulmi a maƙabartar kansul, a kuma bi ta hannun masallaci. In kuna Landan ko kusa akwai Gardens of Peace a wajen Ilford, tun 2002 suke, ƙungiyar agaji ce ta musulmi, da likkafani ake sa mutum ba akwati, kaburburan duk iri ɗaya ɗan tudu da ƙaramin allo, mai kuɗi da talaka ba ka banbancewa, wlh ranar da na fara shiga sai da na ji kamar ina gida. Akwai Brookwood kusa da Woking mai tsohon ɓangaren musulmi, su Birmingham da Manchester da Bradford da Leicester duk kansul ɗinsu sun ware wa musulmi wuri. Kuma ki riƙe wannan don za a iya gaya miki akasin haka: babu dokar Ingila da ta ce dole sai da akwati, babu wadda ta ce dole a yi wa gawa allura in a nan za a binne, babu ma wadda ta ce dole sai kin ɗauki kamfanin jana'iza. Ƙa'idar kowace maƙabarta ce ke bambanta. Wasu saboda ƙasarsu mai ruwa ce tana zabtarewa sai su ce a sa katako a zagaye cikin ramin ko a bar mutum a akwati mara ado, wannan lalura ce malamai ba su tsananta ba. Inda aka ba ku zaɓi tsakanin katako da ɗakin siminti ku ɗauki katako, ya fi arha kuma ƙasa za ta ci abinta.

Yanzu kuɗi, don nan ne ciwon. Jana'izar turawa ta talaka da ba wani armashi a matsakaici ta haura fam 4,000, binnewa kuma ta fi ƙonawa tsada, Landan ta fi ko'ina. In binnewa ce kaso mai yawa filin kabari ne da ladan haƙa, sauran kuma tarkace ne da mu ba ma bukata, akwati mai sheƙi, doguwar baƙar mota, furanni, masu ɗaukar gawa da kwat, ɗakin kallon gawa. Mu 'yan uwa ke wanka fisabilillahi, masallatai da yawa suna da ɗakin wanka da firjin ajiye gawa da mota, likkafani yadi ne na 'yan fam kaɗan, ɗaukar gawa kuwa rububi ake yi. In ya zama dole ku bi ta kamfani, tun 2021 doka ta tilasta musu su manna farashinsu a fili a shago da kuma intanet, ki nemi takardar ki bi layi layi ki soke abin da ba kya so. Akwai wani kamfani da muka taɓa hulɗa da shi, a cikin lissafi suka saka kuɗin wani abu da suka kira tsabtace gawa, da muka matsa da tambaya ashe allurar fomalin ce suke nufi, Allah ya sa ba su riga sun yi ba. Ki ce musu a rubuce: ba allura, ba aski, ba kwalliya, a sa a firji kawai mu za mu yi wanka.

Abu ɗaya da ya shafe ku kai tsaye tunda Baba baƙo ne: kansul suna da farashi biyu, na mazaunin yankin da na wanda ba mazauni ba, na biyun yakan ninka sau biyu wani wurin har uku. Ki kira ofishin maƙabartar kansul ɗinku tun yanzu ki tambaya yadda za su ɗauke shi tunda a gidanki yake zaune, ki kuma kwatanta da maƙabartar musulmi mai zaman kanta. Ki tambaya kuma shekara nawa ne hakkin kabarin, don a nan ba sayen fili kike ba, haya ce, wasu 50 wasu 75, na kansul ba ya wuce 100. Tallafin gwamnati na jana'iza akwai shi amma na masu karɓar benefit ne (kuɗin agajin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi) kuma mamacin ya zama mazaunin ƙasar, in kina kan bizar aiki mai sharaɗin ba ki da hakkin kuɗin gwamnati kar ma ki nema ki jawo wa takardunki matsala.

Sai batun kai shi gida. Na san zafin abin, Hajiya na can, ƙannensa na can, kowa na son ya ga an sallace shi a ƙofar gidansa. Amma su sani, kuma ki gaya musu ɓaro ɓaro, gawar da za ta hau jirgi sai an yi mata allurar da muke gudu, a zuƙe jini a ɗura sinadari, a sa ta a akwati mai rufin ƙarfe a ciki a liƙe, sai an nemi izinin jami'in binciken mutuwa na fitar da gawa daga Ingila wanda shi kansa yakan ɗauki kwana 4, ga takardar shaidar ba cuta mai yaɗuwa, ga na ofishin jakadanci, sannan a auna a biya kuɗin dako kamar kowane kaya, a sauke a Legas ko Abuja a sake bin hanya. Dubban fam ne, kuma sati ɗaya zuwa biyu ba abin mamaki ba ne, alhali an umarce mu da gaggauta jana'iza. Na ga gidan da suka ci bashin da suka shekara suna biya saboda wannan, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya a waya kuwa ko sisi ba su turo ba. Ni a ganina in Baba yana cikin hayyacinsa a tambaye shi cikin hikima, maigidanki ko wani babba ya yi, in ya ce gida yake so kuma likita ya ce zai iya hawa jirgi toh a kai shi da ransa ya ƙarasa cikin iyalinsa, tikitin mai rai ya fi na gawa sauƙi ta kowace fuska. In ba zai iya ba a binne shi inda Allah ya karɓi abinsa, kuɗin jirgin a haƙa masa rijiya a garinsu ko a gyara katangar maƙabartar unguwarsu, don mu ma namu na gida ba wai lafiya suke ba, duk damina sai ka ji kaburbura sun rufta, masu haƙa tsofaffi ba albashi sai abin da aka miƙa musu, itacen rufi ma yanzu saye ake da tsada.

Takardu kuma su ke jawo jinkiri ba haƙa ba. Likita zai rubuta musabbabin rasuwa, tun Satumbar 2024 sai wani likita mai tantancewa ya duba kafin a tura wa mai rajista, sannan ku je rajista, doka ta ba da kwana 5 amma mu a ranar muke so, a ba ku koriyar takarda wadda in babu ita ba maƙabartar da za ta karɓe ku. Dabarar ita ce ku sanar tun yanzu. Ki gaya wa nas ɗin da ke kula da shi da likitansa cewa musulmi ne ana bukatar binnewa cikin gaggawa su rubuta a fayil, ki nemi lambar ofishin kula da mamata na asibitin, ki tambaya ko kansul ɗinku na da rajistar gaggawa ta Asabar da Lahadi, da yawa suna da ita saboda mu da yahudawa. In a gida kuke jinyarsa ki tabbata likita yana zuwa yana ganinsa, don wanda ya rasu ba likitan da ya san ciwonsa shi ake miƙa wa mai bincike, daga nan sai maganar fiɗa ta taso, ko da yake a wasu yankunan ana yarda a yi hoton sikan a maimakon yanka, wani wurin iyali ke biya.

Sadakar uku da bakwai da arba'in ban shiga ciki ba kowa da malaminsa, illa dai na ga inda kuɗin hayar hol da abinci ya kusa kamo na kabari, a yi hattara.

Ku kuma sauran 'yan group da ke karantawa, masallatai da yawa suna da asusun jana'iza, ɗan abu kaɗan kake sakawa a shekara kai da iyalinka, ranar da ta faru su ɗauki nauyi, yawancinmu ba mu shiga ba sai an yi rasuwa a fara yawo da lambar akawun a WhatsApp. Yawanci ba sa karɓar wanda ya riga ya kwanta ciwo don haka ba lallai ya amfani Baba ba, amma ke da maigida ku yi rajista. Ki turo min sunan garin da kuke ta inbox in duba wa na sani a kwamitin masallacin can, sai in haɗa shi da maigidan naki su yi magana kafin ƙarshen satin nan.